Gatarin Mai Kwana a Daji: Me Za a Duba Kafin a Saya?

A ƙasashen arewacin Turai da Kanada da Amurka akwai wata ɗabi'a da ta zama jiki. Da an samu hutu, sai mutum ya bar gidansa mai lantarki da ruwan famfo, ya nufi daji, ya yi kwana biyu ko mako guda yana kwana a tanti, yana dafa abincinsa da hannunsa. Wasu da mota suke zuwa, su ya da zango a wurin da hukuma ta keɓe. Wasu kwalekwale suke shiga su bi tafkuna. Wasu kuwa a ƙasa suke tafiya, abincinsu da shimfiɗarsu duk suna cikin jakar da suka goya. Matasanmu da ke karatu ko aiki a waɗancan ƙasashe sun fara shiga harkar, a gida ma ana samun masu haɗa gwiwa su hau duwatsun Jos ko tsaunin Mambila su kwana a can.

Cikin kayan wannan tafiya babu wanda ake gardama a kansa kamar gatari. Wani ya ce shiga daji babu shi ganganci ne, wani ya ce ɗaukarsa wahalar banza ce. Kowannensu yana da gaskiya, domin ba daji ɗaya suke magana a kai ba, ba kuma tafiya iri ɗaya ba. Abin da na yi imani da shi shi ne, ba a kanti ake fara zaɓen gatari ba. Sai mutum ya fara amsa tambayoyi uku: wane aiki zai yi da shi, a wane irin daji, kuma wa zai ɗauki nauyinsa, bayansa ne ko mota ko kwalekwale? Wanda ya amsa waɗannan tsakaninsa da Allah, ya gama rabin cinikin tun bai fita daga gida ba.

Aikin da gatari ke yi a zango

Dangantakar matafiyi da gatari daɗaɗɗiya ce. A 1991 an tsinci gawar wani mutum a cikin ƙanƙarar tsaunukan Alps, a kan iyakar Italiya da Ostiriya, wanda aka laƙaba wa suna Ötzi. Ya rasu kimanin shekara 5,300 da suka wuce, kuma cikin kayan da aka samu tare da shi har da gatarin tagulla mai ƙotar itace, tsawonta kusan santimita 60. Abin lura shi ne, har yau gatarin da ƙwararrun daji suka fi yabawa bai yi nisa da wannan tsawo ba.

A dazuzzukan arewacin duniya masu sanyi da yawan ruwa, babban aikin gatari shi ne faskare. Idan an yi kwana uku ana ruwa, duk ƙiraren da ke ƙasa sun jiƙe sharkaf, amma cikin busasshen gungume yana nan a bushe. Wanda ya iya faskara shi zai hura wuta, wanda bai iya ba zai kwana yana rawar ɗari, kuma a wurin da sanyi ke kisa wannan ba ƙaramar magana ba ce. Bayan faskare, da gatari ake sare rassan itacen da ya faɗi, a fiƙe turakun tanti, a kafa su da ƙeyarsa, a sassaƙa sanda ko abin rataye tukunya.

Shi ya sa magabatan wannan harka a Amurka ba sa rabuwa da shi. George Washington Sears, wanda aka fi sani da Nessmuk, mutum ne ɗan ƙarami marar ƙarfin jiki, ya ratsa tafkunan Adirondack a ɗan kwalekwale, yana rage nauyin kayansa iyakar iyawarsa. Duk da haka a littafinsa na 1884 ya sa ɗan ƙaramin gatari mai baki biyu cikin kayan aikin da ba ya bari, tare da wuƙar kube da wuƙar aljihu.

Sai dai zamani ya sauya. A lokacin Nessmuk, matafiyi da itacen daji yake yin rumfa da gado da murhu. Yau tanti yana zuwa da sandunansa na alminiyam, ɗan murhun gas kuwa tafin hannu ya ishe shi. Sannan masu shiga daji sun yi yawa, har an ga yadda wuraren zango ke komawa fili fetal saboda kowa ya zo sai ya sari wani abu. Daga nan aka samu ƙa'idojin da ake kira Leave No Trace, wato ka bar daji yadda ka same shi. Koyarwarsu a kan wuta ita ce a tsinci itacen da ya mutu ya faɗi, wanda kaurinsa bai wuce wuyan hannu ba, wanda za a iya karyawa da hannu. Irin wannan ba ya bukatar gatari.

Doka ma tana da ta cewa. A Suwidin kowa yana da 'yancin ratsa daji ya kwana, ko da filin wani ne, amma 'yancin bai haɗa da sare ɗanyen itace ba. A Norwe an hana hura wuta a daji ko kusa da shi daga 15 ga Afrilu zuwa 15 ga Satumba, sai a inda babu barazanar gobara. A Finlan sai da izinin mai fili ake hura wuta, kuma a gandun dajin gwamnati akwai wuraren da aka tanada, galibi da rumbun itace da gatari a ajiye. Saboda haka mai bin hanyar Appalachian ta Amurka, wadda tsawonta ya kai kusan kilomita 3,500 daga jihar Jojiya zuwa Maine, da wuya ka ga gatari a jakarsa. Ba raina gatari ya yi ba, aikin ne babu.

Nauyi da tsawo

Ga wanda ya tabbata yana da aikin, magana ta gaba ita ce girma. Shawarar da aka saba bai wa mai goyon jaka ita ce kada kayansa su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinsa. Mai kilo 70 ke nan yana da kilo 14, a ciki zai sa tanti da bargo da abinci da ruwa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka duk wanda ya saka gatari mai kilo ɗaya a jaka, ya san ya sarayar da gurbin lita guda ta ruwa ko abincin yini.

Ana iya kasa gaturan tafiya gida uku. Na farko shi ne ɗan ƙarami na hannu ɗaya, mai ƙota tsakanin santimita 25 zuwa 38, nauyinsa daga gram 300 zuwa 700. Misalinsa Wildlife Hatchet na kamfanin Gränsfors Bruk, mai santimita 34 da nauyin gram 600, ko Fiskars X7 mai kusan santimita 35. Yana shiga cikin jaka, yana faskara ƙananan itace, yana fiƙe turke, amma idan aka kai shi gaban gungume mai kauri sai ya gajiyar da mai shi.

Na biyu shi ne matsakaici, mai ƙota kimanin santimita 45 zuwa 55. Wanda ya fi shahara a wannan aji shi ne Small Forest Axe na Gränsfors, santimita 49, nauyinsa bai cika kilo ɗaya ba. Ana iya riƙe shi da hannu ɗaya a yi sassaƙa, a kama da hannu biyu a yi sara. Masu sukarsa suna cewa ya yi wa hannu ɗaya tsawo, ya yi wa hannu biyu gajarta, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu. Amma ga mai tafiyar ƙasa a dajin sanyi wanda dole ya hura wuta kowane dare, shi ne sulhu mafi kyau tsakanin nauyi da aiki.

Na uku shi ne na hannu biyu sosai, daga santimita 60 zuwa 70, nauyinsa kilo ɗaya da 'yan kai zuwa ɗaya da rabi. A nan ake samun samfurin da ake kira Hudson Bay, wanda ya samo sunansa daga kamfanin fataucin fatu da aka kafa a 1670, fataken da ke bin kogunan Kanada a kwalekwale. Wannan shi ne gatarin mai mota, da mai kwalekwale, da mai jan kayansa a kan dusar ƙanƙara, wato duk wanda ba kafaɗarsa ce ke biyan kuɗin nauyin ba. Marigayi Mors Kochanski, malamin zaman daji na Kanada da ya rasu a 2019, yana da ma'auni mai sauƙi: a sa ƙarshen ƙota a hammata, a miƙe hannu, idan kan gatarin ya zauna cikin tafin hannu, to tsawon ya dace da mai shi.

Gajere ya fi dogo haɗari

Wannan ita ce gaɓar da sabon shiga ya fi yin kuskure a kanta. Yana ganin ɗan ƙaramin gatari sai ya ɗauka ya fi sauƙin sarrafawa. Alhali idan mutum yana tsaye ya kai sara da dogon gatari ya kuskure, bakin ƙasa zai nufa, domin ƙotar ta kai shi can kafin ya juyo. Idan gajere ne kuwa, da'irar da yake zagayawa ƙarama ce, kuma ƙarshenta gwiwa ce ko ƙwauri. Raunin gatari a ƙafa, a wurin da sai an yi tafiyar yini kafin a kai titi, yana iya zama ajali.

Maganin wannan sananne ne. Mai gajeren gatari ya durƙusa a kan gwiwoyinsa, ya ɗora itacen a can gefen kututture mai faɗi, ta yadda in sara ya kuskure, kututturen zai tare ko ƙasa. Ga ƙananan itace akwai hanyar da ta fi aminci: a kwantar da itacen a jikin ƙota, bakin gatari yana kan ƙarshensa, a ɗaga su tare a buga a kan gungume, sannan a murɗa. Ba a riƙe itace da yatsu a kai masa sara. Ba a yin faskare da dare ko lokacin da gajiya ta yi yawa, ba a kuma yi da silifa. Kafin a fara, a miƙa gatarin a zagaya da shi sama da gefe, a tabbata babu reshe ko igiyar tanti ko yaro a inda zai kai. Hausawa sun ce ana sara ana duban bakin gatari, kuma a daji wannan magana umarni ce da za a bi sau da ƙafa.

Kai da baki

Ba kowane kan gatari ne ke yin kowane aiki ba. Mai siririn kumatu yana nutsewa cikin itace, ya yanke jijiyoyinsa a gicciye, don haka ya dace da sara da sassaƙa, amma wajen faskare yakan maƙale. Mai kaurin kumatu yana buɗa itace ya tsaga shi biyu, sai dai in aka kai shi sara, tsalle yake yi ya dawo. Mai tafiya da gatari ɗaya tilo yana bukatar na tsaka-tsaki: siriri a baki, yana ƙara kauri a hankali zuwa inda ƙota ta shiga. A kalli kan daga sama, siffarsa za ta faɗi aikinsa. Galibi ana wasa bakin gatarin sara a kusurwar digiri 25 zuwa 30, a bar shi da ɗan tudu a bayan kaifin don kada ya ɓalgace.

Ƙarfen ma abin dubawa ne. Gatari na ƙwarai bakinsa kaɗai ake taurarawa, a bar sauran jikin da ɗan laushi don ya shanye duka. Idan bakin ya yi laushi, yanzu-yanzu zai dakushe. Idan ya yi tauri fiye da kima, zai ɓalgace a kan ƙulli, musamman a tsananin sanyi, shi ya sa mutanen ƙasashen sanyi kan ɗumama kan gatari a cikin riga kafin su fara aiki da asuba. Ƙeyar yawancin gatura ba a taurara ta ba. Ana iya kafa turken itace ko na roba da ita, amma dukan ƙarfe da ita yana buɗa ramin ƙota, daga nan kuma kai ya fara girgiɗi.

Gatari mai baki biyu irin na Nessmuk yana da kyan gani, yana kuma da hikima, domin ana barin baki ɗaya siriri, ɗaya mai kauri. Amma ba shi da ƙeyar kafa turke, kuma ko an kafa shi a kututture, akwai kaifi ɗaya a waje yana jiran ƙafar wani. Ban ga dalilin da zai sa sabon shiga ya fara da shi ba.

Ƙota iri uku

Ƙotar itace ita ce ta asali. An fi yin ta da hikori, wani itacen Amurka mai ƙarfi da juriya, ko ash na Turai. Tana shanye girgizar duka, tana da daɗin riƙo ko da sanyi, in ta karye kuma ana sake wata. Mai saye ya kalli ƙarshenta: ya kamata layukan itacen su tafi tsaye, daidai da bakin gatari, su kuma bi tsawon ƙotar ba tare da sun fice ta gefe ba. Ya ɗaga gatarin ya hango ta kan kaifin, ya ga ko ya yi saiti da tsakiyar ƙota. Idan an shafe ta da fenti mai sheƙi, gara a kankare, domin yana sa santsi da bororo a hannu, sannan a shafa mata man linsid.

Ta biyu ita ce ta roba mai zaren gilashi a ciki, irin ta Fiskars, kamfanin Finlan da tarihinsa ya faro tun 1649. Ba ruwanta da ruwan sama ko gara, ba ta da nauyi, kan ba ya kwancewa domin an narka robar ne a kewaye da shi, kuma kuɗinta da sauƙi. Aibinta ɗaya ne: ranar da ta karye, gatarin ya tashi aiki.

Ta uku ita ce ta ƙarfe, inda kai da ƙota suke abu guda, kamar na kamfanin Estwing da aka kafa a garin Rockford na jihar Illinois a 1923. Karya irin wannan sai an yi da gaske, ya dace da zama a bayan mota ko aikin tonon saiwa. Amma nauyinsa ya bazu har cikin ƙota maimakon ya taru a kai, kuma dukan yana dawowa cikin gwiwar hannu. Ga mai goyon jaka, shi ne na ƙarshe a layi.

Suna da farashi

Gaturan Suwidin sun yi suna, kuma sun cancanta. Hults Bruk yana ƙira tun 1697. Gränsfors Bruk, wanda aka kafa a 1902, kowane maƙerinsa yana buga haruffan sunansa a jikin kan da ya ƙera, kamfanin kuma yana ba da garantin shekara 20. A Amurka akwai Council Tool na jihar Karolina ta Arewa tun 1886. Sai dai kuɗin gatarin Gränsfors ɗaya zai sayi na Fiskars uku ko fiye, kuma itacen da za a faskara bai san bambancin ba. Abin da ƙarin kuɗin ke saya shi ne kyan gamawa, da kaifi tun daga kanti, da kayan da za a iya gyarawa har a bar wa 'ya'ya. Mai fita sau biyu a shekara ba ya bukatar wannan. Mai haƙuri kuma yana iya samun tsohon kai a kasuwar gwanjo, ya kankare tsatsa, ya sa masa sabuwar ƙota, ya samu abin da ba ya jin kunyar na kanti.

Kada a manta da zarto mai naɗewa. Irin su Bahco Laplander nauyinsu kusan gram 200 ne, suna yanke itace mai kaurin dantse cikin sauri da ƙarancin haɗari. Zarto da wuƙa mai ƙarfi sun ishi mafi yawan masu tafiyar bazara. Inda ake bukatar wuta babba kuwa, zarto ya yanka, gatari ya faskara, aikin ya fi sauri fiye da a bar wa gatari shi kaɗai.

Idan dajin namu ne

Duk waɗannan gatura an ƙera su ne don dazuzzukan arewacin duniya, inda itatuwa irin su fayin suke da laushi da miƙaƙƙen jiki. Dajinmu daban ne. Ƙirya da marke suna da taurin da zai iya ɓalgace siririn bakin da aka wasa don itace mai laushi. Abin da ke tare hanya kuma galibi ƙaya ce da ciyawa da sarƙaƙiya, waɗanda adda ta fi gatari iya su nesa ba kusa ba. Busasshen itace bai cika wuya ba in ba a tsakiyar damina ba, sanyinmu kuma ba ya kai wanda rashin wuta zai yi kisa, in ban da can saman Mambila da ake bukatar shiri na musamman. Ga kuma hunturu, wanda ke busar da ƙotar da aka yi a ƙasa mai laima har kai ya fara motsi. Jiƙa ta a ruwa ba magani ba ne, domin tana kumbura ne ta sake bushewa fiye da da. A ƙara buga mata weji, a shayar da ita mai.

Gatarin maƙeranmu ya cancanci a dube shi da idon basira. Galibi da tsohon sifirin mota ake ƙera shi, ƙarfe mai kyau ƙwarai. Ƙirarsa ta saɓa da ta Turai: maimakon ƙota ta shiga cikin kai, kan ne yake da tsini a baya, a cusa shi cikin hudar da aka ƙona a kan ƙota mai kauri ta marke ko aduwa. Kowane sara yana ƙara tura tsinin ciki. Siririn bakinsa yana tara ƙarfin duka a wuri ɗaya, abin da itace mai tauri ke bukata ke nan. In ƙota ta tsage, kowane ƙauye akwai mai yin wata. Makiyaya da mafarauta sun daɗe suna yawo da shi a kafaɗa, kuma su ne masu kwana a daji na haƙiƙa a ƙasarmu. Rauninsa shi ne ba shi da ƙeya, ba ya kuma zuwa da kube, don haka a kai wa baduku ya ɗinka masa.

Sai dai a yankin da hamada ke matsowa kowace shekara, mai zuwa daji don shaƙatawa ba shi da hujjar sare ɗanyen itace ko guda. A gandun daji irin Yankari da Gashaka-Gumti ma doka ta hana. Haka nan a halin tsaron da ake ciki, gatari a bayyane yana iya jawo wa matafiyi tambayoyi a shingen jami'an tsaro, don haka a sa shi a kube, a ajiye cikin kaya tare da tanti, a kuma sanar da mai unguwa ko jami'an gandu kafin a shiga. Mai hawa jirgin sama ya sani ba a shiga da shi a jakar hannu, sai cikin kayan da ake aunawa.

Hukunci

Mai tafiyar ƙasa a lokacin zafi, a hanyar da jama'a ke bi, ya bar gatari a gida, ya ɗauki murhun gas da wuƙa, in ya so ya ƙara da zarto. Mai shiga dajin sanyi da kaya a baya ya nemi matsakaici, wanda bai wuce kilo ɗaya ba. Mai mota ko kwalekwale ya ɗauki na santimita 60 zuwa 70, domin ya fi aiki, ya kuma fi aminci. Mai yawo a dajinmu ya fara da adda, in aikin ya fi ƙarfinta ya je wurin maƙeri. Kowanne aka zaɓa, a haɗa shi da kube da ɗan magagari ko dutsen washi, domin dakusasshen gatari shi ne ke zamewa daga jikin itace ya nufi ƙafa. A riƙa goge shi a shafa masa mai bayan aiki. Sannan kafin ranar tafiya, a samu wanda ya iya, ko mai faskaren unguwa ne, a yi 'yan kwanaki ana koyo a hannunsa a tsakar gida, inda asibiti yake kusa.